Yadda Ake Ƙiyasta Amoniyar da Ke Tashi Daga Gona Bayan An Zuba Yuriya

Duk wanda ya taɓa tsugunawa a gindin masara kwana biyu bayan an watsa yuriya a kan ɗanyar ƙasa, rana ta take, ya san zarnin da ke dukan hanci a wurin. Takin ne yake barin gonar. Naitirojin ɗin da aka saya da tsada ya rikiɗe ya zama iskar amoniya, ya kama hanyar sama, shuka ba ta ga ko ƙyallinsa ba. Manomi yana ganin sakamakon daga baya, in ganye ya ƙi yin duhu, sai ya ce an sayar masa da jabun taki. Wani lokacin gaskiyarsa ne. Amma sau da dama takin lafiyarsa ƙalau, ranar da aka zuba shi da yadda aka zuba shi ne suka cinye kuɗin.

Hanci yana gaya maka ana asara, amma ba ya gaya maka nawa. A nan ne tsarin lissafin hasashe yake shigowa, abin da 'yan boko ke kira modal. Na rubuta wannan ne don ɗalibin kimiyyar ƙasa da ke neman abin bincike, da malamin gona da yake son hujja a hannunsa in zai yi wa manoma bayani, da mai babbar gona da ke sayen taki da mota. Ba sai kana da kwamfuta mai tsada ba. Excel, da littafin rubutu, da haƙurin fita gona kullum na mako biyu sun isa a fara. Kuma batun ya shafe mu kai tsaye, domin yuriya ita ce babbar hanyar da naitirojin ke shiga gonakinmu, ga masana'antun Indorama a Eleme, da Notore a Onne, da ta Dangote a Lekki da aka buɗe a 2022, duk ita suke yi.

Mataki na farko: mayar da buhu zuwa kilo na naitirojin

Lissafin duka da kilon naitirojin ake yin sa, ba da buhu ba. Yuriya tana da naitirojin kashi 46 cikin 100, saboda haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Kamfa mai lamba 15-15-15 buhunta kilo 7.5 ne kacal, mai 20-10-10 kuma kilo 10. Auna faɗin gonar da kyau, ko da da wayar hannu ce mai GPS, don "kadada ɗaya" a bakin mai gona sau da yawa ba ta cika hekta ba.

A duk misalan da za su biyo baya, mu ɗauka gonar masara ce hekta ɗaya, an zuba buhu biyu na yuriya a taki na biyu. Kilo 100 na taki ke nan, kilo 46 na naitirojin.

Mataki na biyu: yi ƙiyasin farko da alƙaluman da duniya ke amfani da su

Modal mafi sauƙi ninkawa ɗaya ce: abin da aka zuba sau kason da ake sa ran zai tashi. Kwamitin IPCC na Majalisar Ɗinkin Duniya mai nazarin sauyin yanayi, a ƙa'idojinsa na 2006, ya ba da 0.10 ga kowane irin takin zamani. A gyaran 2019 ya rarrabe: yuriya 0.15, takin amoniyom 0.08, takin naitiret 0.01. Wannan kason ya haɗa amoniya da wasu iskokin naitirojin, amma amoniya ce mafi yawa. A gonarmu, 46 sau 0.15 ya ba da kilo 6.9, wato kilo 15 na yuriya.

Littafin jagora na Turai, EMEP/EEA, bugun 2019, ya ƙara duba yanayi da tsamin ƙasa. Ga yuriya a yanki mai zafi ya ba da giram 198 na amoniya a kowane kilo na naitirojin in pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa (ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kanwa-kanwa), bai wuce 7 ba, giram 210 in ya wuce. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Alƙaluman Turai nauyin amoniya ne sukutum, na IPCC kuma nauyin naitirojin ne kaɗai. Don mayar da amoniya zuwa naitirojin, ninka da 14 ka raba da 17. Giram 198 ya zama kusan 163, wato kashi 16 cikin 100. Rubuta a saman kowane layi na teburinka wanne kake nufi, tun kafin ka fara.

Riƙe wannan adadin don kwatance, amma kada ka kai shi gaban manomi a matsayin abin da ya faru a gonarsa. IPCC da kansa ya nuna cewa na yuriya yana iya faɗuwa zuwa 0.03, yana iya hawa zuwa 0.43. Tsakanin waɗannan biyun akwai kilo 1.4 da kusan kilo 20 a gonarmu. Aikin da ya rage shi ne gano inda gonarka ta faɗa a wannan tazarar.

Mataki na uku: san abin da ke faruwa a gindin ƙwayar taki

In ba ka fahimci wannan ba, lissafin da za ka gina zai zama hadda ce kawai.

Yuriya da kanta ba ta tashi. Sai ta sami danshi ta narke, sannan wani sinadari da ƙananan halittun ƙasa ke fitarwa, mai suna yuriyes, ya farfasa ta ta koma amoniyom da kabonet. Yuriyes yana ko'ina a ƙasar noma, ya fi yawa a kan karmami da ruɓaɓɓen ganye da inda aka zuba takin gida. A ƙasa mai ɗumi da danshi, cikin 'yan kwanaki ya gama da mafi yawan takin.

Wannan farfasawar tana ɗaga pH na ɗan wurin da ƙwayar ta narke, ya koma kanwa-kanwa, har ya kusanci 9. Amoniyom kuwa fuska biyu gare shi. In pH yana ƙasa, yana zaune lafiya a ruwan ƙasa ko manne da laka, shuka ta sha. In pH ya hau, wani kaso nasa ya zama amoniya, wadda iska ce, ta fice. Zafi yana ƙara tura shi can. Lissafin kason sananne ne, kuma shi ne ƙashin bayan kowane modal, babba ko ƙarami:

pKa = 0.09018 + 2729.92 ÷ (T + 273.15)

f = 1 ÷ (1 + 10^(pKa − pH))

T zafin ƙasa ne a ma'aunin Salshiyas, f kuma kason da ya zama amoniya, pKa kuwa shi ne pH ɗin da a kansa rabin amoniyom ke zama amoniya. A digiri 25, pKa yana kusan 9.25. A digiri 35 ya sauko 8.95. Duba abin da hakan ke haifarwa: a digiri 35, in pH 6 ne, f kusan 0.001 ne kacal, a 7 ya kai 0.011, a 8 ya kai 0.10, a 8.5 ya kai 0.26, a 9 ya haura rabi, 0.53. A digiri 25 kuwa, pH 8 yana ba da 0.054 ne, kusan rabin na digiri 35. Ƙarin digiri goma ya ninka shi biyu, ƙarin pH ɗaya ya ninka shi kusan goma.

Shi ya sa nake damuwa in na ji ana cewa ƙasarmu ta savana tana da ɗan tsami, pH 6 ko ƙasa da haka, don haka ba mu da matsalar amoniya. Takardar ɗakin gwaji tana faɗar pH na ƙasar gaba ɗaya kafin a zuba taki. Amoniya kuwa daga ɗan da'irar da ke kewaye da ƙwayar take tashi. Ƙasar jigawa, mai yashi da ƙarancin laka da ƙarancin ruɓaɓɓen abu, ba ta da ƙarfin danne hawan pH, ba ta da wurin riƙe amoniyom. Ita ce ma ta fi saurin sakin taki. Baƙar lakar yankin Tafkin Chadi da ake noman masakwa, da filayen da kanwa ta fito musu saboda ban ruwa, su kuma tun asali pH ɗinsu a sama yake, ko da yake lakar tana riƙe amoniyom sosai.

Bayan wasu kwanaki, ƙwayoyin ƙasa suna mayar da amoniyom zuwa naitiret, pH ya sauko, asarar ta lafa. Saboda haka wasan duka a makon farko ake buga shi.

Ruwan sama fuska biyu gare shi shi ma. Ruwa mai kauri, milimita 10 zuwa 15 ko fiye, in ya sauka da wuri, yana wanke yuriya zuwa cikin ƙasa tun ba ta farfashe ba, sai amoniyom ya samu a inda ƙasa za ta kama shi. Yayyafi ko raɓa kuwa narkar da takin kawai suke yi su bar shi a sama. Mafi muni shi ne ɗanyar ƙasa da ke bushewa a rana, iska tana kaɗawa.

Mataki na huɗu: tattara abin da za ka ciyar da lissafin

Kullum, daga ranar zuba taki zuwa kwana 14, kana bukatar abu huɗu.

Ruwan sama: kafa ma'aunin ruwa a gonar kanta, a fili, nesa da bishiya, ka karanta kowace safiya. Ruwan damina yana sauka a wannan unguwa ya tsallake waccan, alƙaluman tashar NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, da ke birni ba lalle su zama na gonarka ba.

Zafin ƙasa: soka ma'aunin zafi santimita ɗaya zuwa biyu, da hantsi da kuma bayan azahar, ka ɗauki matsakaici. In babu hali, shafin NASA POWER yana ba da zafi da iska da ruwa na kowane wuri kyauta, amma ka san cewa zafin iska yakan gaza na saman ƙasa da rana.

Danshi: damƙi ƙasar saman a tafin hannu. In ta dunƙule, rubuta 1. In ta ɗan haɗu ta wargaje, rubuta 0.5. In ta zube kamar gari, rubuta 0.

Sai pH na saman ƙasa, wanda ya fi duka muhimmanci kuma aka fi sakaci da shi. Ware ɗan fili a gefe, ka zuba masa taki daidai da na gonar. Kullum ka kankare santimita ɗaya na sama a inda ƙwayoyin suka narke, ka dama da tataccen ruwa, kashi ɗaya na ƙasa kashi biyu da rabi na ruwa, ka bari ya kwanta, ka auna da ƙaramin ma'aunin pH na hannu. Kada ka yi amfani da ruwan rijiya, yana da nasa gishirin. Kar ka koma inda ka kankare jiya.

Sau ɗaya kuma, kafin a zuba taki, kai samfurin ƙasa ɗakin gwaji a duba yashi da laka, da pH, da ƙarfin riƙon amoniyom da ake rubutawa CEC. Taswirorin iSDAsoil da SoilGrids da ke intanet suna taimakawa in kana aiki a kan ƙaramar hukuma guda, amma ga gona ɗaya, gwaji ya fi.

Mataki na biyar: gina teburin

Ɗauki takin a matsayin kaya da ke cikin rumbu uku. Rumbun U shi ne yuriyar da ba ta farfashe ba a saman ƙasa. Rumbun A shi ne amoniyom da ke sama. Rumbun V shi ne abin da ya tashi. Kowane layi a Excel rana ɗaya ce, kuma kowace rana abu huɗu ne ke faruwa bi da bi.

Na ɗaya, wani kaso na U ya koma A: H = kh × danshi × U. Na biyu, wani kaso na A ya tashi: V = kv × f × A. Na uku, wani kaso na A ya fita daga haɗari, ko laka ta kama shi, ko ya zama naitiret, ko saiwa ta sha: S = ks × A. Na huɗu, in an yi ruwa, ka raba milimitar da 15. Abin da ya fito, in bai wuce 1 ba, shi ne kason U da ya nutse, rabinsa kuma kason A da ya nutse. In ruwan ya kai milimita 15, U duka ya tafi ƙasa.

Haruffan nan uku, kh da kv da ks, su ne maɓallan da za ka murɗa daga baya in awo ya zo. Don farawa nakan sa kh 0.4, kv 0.5, ks 0.2. A jigawa rage ks, a laka ƙara shi. Ranar da iska ke kaɗawa sosai ƙara kv, in masara ta rufe ƙasa rage shi.

Mu gwada a gonarmu: an watsa taki a ɗanyar ƙasa, zafi digiri 35, babu ruwa mako guda. A misalin nan na sa pH ya tashi daga 8.0 a rana ta farko, ya kai 8.5 a ta biyu da ta uku, ya dawo 8.0 a ta huɗu da ta biyar, sannan 7.5.

Rana ta farko, U kilo 46 ne. Sau 0.4, kilo 18.4 ya koma A, saura 27.6. A pH 8.0, f 0.10 ne, don haka V = 0.5 × 0.10 × 18.4, wato 0.92. S kuma 3.68. A ya kwana da 13.8. Rana ta biyu, 11.04 ya ƙaru, A ya zama 24.84, f ya hau 0.26, V ya kai 3.23. Rana ta uku 3.02. Daga nan sai sauka: 0.98, 0.85, 0.24, 0.20. Jimillar mako kilo 9.4 na naitirojin, kashi 20 cikin 100 da ɗoriya, kwatankwacin kilo 20 na yuriya. Kashi biyu cikin biyar na buhu ɗaya ke nan ya bi iska, kuma kashi biyu cikin uku na wannan asarar a rana ta biyu da ta uku aka yi shi.

Yanzu ka sa ruwa milimita 20 a daren rana ta farko. U ya zama sifili, A ya koma 6.9, pH ya fara sauka da wuri tunda babu sabuwar yuriya a sama. Jimillar ta tsaya wajen kilo 1.4, kashi 3 cikin 100. Ka matsar da ruwan nan zuwa daren rana ta uku: kilo 7.2 ya riga ya tafi, jimillar ta kai wajen 7.7. Gona ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya, bambancin kwana biyu ya ninka asarar fiye da biyar. Ninkawar mataki na biyu ba za ta taɓa nuna maka wannan ba.

Ƙara layi ɗaya a gefe na binciken kai: U da A da duk V da duk S da duk abin da ya nutse, in an haɗa su, dole su ba da 46 kowace rana. In ba su ba da ba, akwai kuskure a wani ɗaki na teburin, ka nemo shi kafin ka ci gaba.

Mataki na shida: fita ka auna

Teburin da ba a gwada shi da gona ba zato ne mai lamba. Manyan cibiyoyi suna auna amoniya da dogayen sanduna masu tarkon iska a tsakiyar fili, ko da ramin iska na roba mai fanka. Waɗannan sun fi inganci, amma sun fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Masu bincike na hukumar Embrapa a Burazil sun fitar da hanya mai araha da gorar lemo ta roba mai lita biyu, kuma ita nake ba ɗalibai shawara su fara da ita.

Yanke gindin gorar. Bakinta na ƙasa yana da faɗin kusan santimita 10, wato yana rufe murabba'in mita 0.008. Cire murfin don iska ta riƙa fita, ka kifa gindin da ka yanke a samansa da 'yar waya, kamar laima, ya tare ruwa ba tare da toshe bakin ba. A ciki ka rataya siririn soso mai tsawon santimita 25, faɗin 2.5, kaurin milimita 3, ƙarshensa a cikin ɗan kofin roba mai mililita 10 na ruwan asid ɗin salfa mai ƙarfin mola 1, gauraye da gilisarin kashi 2 cikin 100 don kada ya bushe. Amoniyar da ta tashi tana haɗuwa da asid ɗin ta makale. Ma'aikacin ɗakin gwaji ne zai haɗa maka ruwan. Sa safar hannu da tabarau, kuma ka killace wurin saboda yara da dabbobi.

Kada ka kifa gora a inda aka watsa taki da hannu kawai, don ba ka san ƙwaya nawa ta faɗo ƙarƙashinta ba. Kilo 100 a hekta giram 10 ne a murabba'in mita, wato miligiram 80 na yuriya a ƙarƙashin gora ɗaya. Auna shi da sikelin ɗakin gwaji, ka ƙulla a 'yan takardu tun daga can. Da yake gorar tana tare ruwa da rana, shirya wurare da dama masu taki iri ɗaya, ka matsar da ita sabon wuri duk lokacin da ka canja soso, don ƙasar da ake aunawa ta zama ta sha ruwan da gonar ta sha.

Canja soso kullum a kwana huɗu na farko, sannan rana ta 6, ta 8, ta 11 da ta 14. Kowane soso da kofinsa a roba mai murfi, da lamba da kwanan wata, a ajiye a sanyi. A ɗakin gwaji za a wanke shi a auna amoniyom, ko ta turarawa da soda ko ta launi. Sassan kimiyyar ƙasa na jami'o'i da cibiyoyi irin su IAR da ke Samaru a Zariya sun saba da irin wannan awon.

Kowane gwaji gora huɗu aƙalla, da wasu huɗu a inda ba a zuba komai ba. Waɗannan na ƙarshen kada ka yi wasa da su. Na taɓa duba aikin wani ɗalibi da ya ga kamar ɓata soso ne, ya bar su. Alƙalumansa suka fito da yawa ƙwarai, har bayan kwana goma ba su sauka ba. Da muka je filin, sai ga gidan kaji a gabas da shi, taku kaɗan, ana tara kashinsu a bayan katanga, iska tana kwaso zarnin tana bi ta kan gorunan. Wahalarsa ta mako biyu ta tafi, kuma ya ba ni tausayi, don yaro ne mai ƙwazo, kullum da asuba yake fita. Da yana da gorunan da ba taki, da an cire na kajin an tsira da sauran.

Lissafin: cire na gorar da ba taki daga na mai taki, ka ninka miligiram na naitirojin da 1.25, ka sami kilo a hekta. Gorar ba ta kama duka. Masu hanyar sun gano tana kama kusan kashi 57 cikin 100, don haka ake ƙara ninkawa da 1.74. In jimillar sosonka ta ba da miligiram 4, to 4 × 1.25 × 1.74, kilo 8.7 ke nan a hekta. Wannan 1.74 a yanayin Burazil aka samo shi, ka ambaci hakan a rahotonka. Inda gorar ta fi ƙarfi shi ne kwatanta hanya da hanya a fili ɗaya: watsawa da binnewa, safe da yamma, jigawa da fadama.

Mataki na bakwai: daidaita teburin da awon

Zana layi biyu a hoto ɗaya, jimillar asara kullum, na teburi da na gora. Kalli siffarsu kafin ka kalli adadi. In na gora ya yi jinkirin tashi, kh ɗinka ya yi yawa. In siffa ɗaya ce amma tsayi ya bambanta, kv za ka taɓa. In na gora ya kwanta da wuri, na teburi yana ci gaba da hawa, ƙara ks. Murɗa ɗaya bayan ɗaya. In ka saba, Solver da ke cikin Excel zai nemo maka adadin da ya fi rage tazarar layukan biyu.

Daga nan sai jarrabawar gaske: kulle maɓallan, ka kai teburin wani gwaji da bai taɓa gani ba, wata gona ko wani zubin taki, ka ga ko zai faɗi daidai. Da maɓallai uku kowa zai iya lanƙwasa layi ya bi ɗigo takwas. Wanda ya yi gwaji ɗaya ya daidaita a kansa sannan ya ce modal ɗinsa ya yi, bai nuna komai ba tukuna.

Shinkafar da ke cikin ruwa

A fadamun Kebbi, ko Kadawa, ko Bakolori, in an watsa yuriya a cikin ruwan da ke kwance, lissafin f bai canja ba, amma pH da zafin ruwan za ka auna, ba na ƙasa ba. Gansakuka tana zuƙe iskar kabon da rana, pH na ruwan ya hau har ya kai 9 ko fiye bayan azahar, da dare ya sauko. In da sassafe kake awo, za ka raina asarar matuƙa. Raba ranar gida huɗu a teburin, sa'a shida shida. Wannan ne dalilin dunƙulalliyar yuriya da IFDC, cibiyar bunƙasa taki ta ƙasa da ƙasa, ta yaɗa, mai giram 1.8 ko 2.7, da ake turawa cikin taɓo santimita 7 zuwa 10 tsakanin gindi huɗu na shinkafa.

Akwai manyan manhajoji ga mai son zurfafawa: DNDC da aka fara a Amurka a 1992, da DSSAT, da APSIM ta Ostireliya, da Volt'Air ta Faransa. ALFAM2 kuma ta ruwan kashin dabbobi ce da ake fesawa a gonakin Turai, kada ka ɗora mata yuriya. Kafin ka ɓata wata guda kana koyon ɗaya, bincika ko tana lissafa tashin amoniya ga irin amfanin da kake nomawa, don ba duka ke yi ba. Wanda ya gina ƙaramin teburin nan da hannunsa zai gane abin da ke cikinsu da sauri.

Juya teburin ya amsa tambayar manomi

In ya daidaitu, kwafi shafin sau huɗu. A na farko bar shi yadda yake, watsawa a sama. A na biyu sa binnewa: a tona da sanda ɗan nesa da gindi, santimita biyar, a zuba a take da ƙafa, a teburi, ka ɗauke mafi yawan U daga sama tun ranar farko, ka bar ɗan abin da ya zube. A na uku sa watsawa da ban-ƙasa a rana ɗaya, sannan ka gwada jinkirta ban-ƙasar kwana uku ka ga abin da ya rage na amfaninta. A na huɗu sa yuriya mai maganin NBPT, wanda ke dakatar da yuriyes na wasu kwanaki kuma bincike da dama suka nuna yana rage asara da kusan rabi. A teburi, kh za ka rage a makon farko. Mai noman rani ya ƙara na biyar: zuba taki sannan a saki ruwa nan take, ba bayan an yi ban ruwa ba.

Kowane sakamako ka raba shi da 0.46 ya koma kilon yuriya, ka ninka da farashin kilo a kasuwarku a wannan makon, ka ajiye shi gefe da kuɗin 'yan ƙwadagon da za su binne takin hekta ɗaya. Waɗannan lambobi biyu za ka rubuta a allo ranar taron manoma, da gorar da sosonta a kan tebur don kowa ya ɗauka ya duba.